Asu a Akwatin Amana

Ku yi haƙuri da shiruna, 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ina fa! Ku dai gyara zama ku ji abin da son zare ya ja min.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai saƙa ce. Mayafan sanyi nake saƙawa, na ulu da na auduga, in ɗora hotonsu a waya mutane su yi oda. Kuma ina da ciwo guda, ciwon zare. Ba zan iya ganin zare mai kyau in wuce ba, ko da ban san me zan yi da shi ba. Ƙarƙashin gadona bokitai ne masu murfi, kowanne da kalarsa. Bayan ƙofa jakunkuna ne a rataye. Sif ɗin da Baba ya sa aka yi min don kayan sawa, zare ya cinye shi tas, kayan nawa suna jibge a kan kujera. Autarmu, wadda muke ɗaki ɗaya da ita, ba ta kirana Yaya sai in tana son abu. Gizo-gizo take ce min.

Ranar da Umma ta yi tuntuɓe da wani dunƙule a bakin ƙofa, saura kaɗan ta kifa, ranar ta kafa doka.

"Wallahi na sake ganin sabon zare a gidan nan, ko tsawon yatsa ne, bola zan kai shi. Kin ji na rantse."

Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a raba ta da falonmu, ta ɗora nata. "Bar ta, ai zare za ta aura. Sa'o'inta suna goyo, ita tana goyon ulu. Shi ma wannan dogon yaron da Allah ya kawo, bari ya leƙa ɗakin nan ki ga gudu."

Dogon yaron shi ne Dogo. A kantin magani na bakin titinmu yake aiki, can muka haɗu ranar da na je neman man shafawa saboda ciwon wuyan hannu. Mutum ne mai sanyi, maganarsa a ciki-ciki, in ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsu kuma bara ta bi shi bayan doguwar jinya. Yanzu yayarsa ce uwa da uba a gidan. Shugabar makaranta ce, kowa Anti yake ce mata, kuma Dogo ya faɗa min tun farko cewa ba zai turo manya ba sai Anti ta gan ni ta yarda.

Wata ranar Juma'a da yamma ya zo da wani abu a cikin farar rigar filo, ya rungume shi a ƙirji kamar jariri. Ya zauna a falo, sannan ya zaro.

Mayafi ne da ba a gama ba, ruwan toka mai siririn ratsin shuɗi, ulu zalla mai laushi. Alluran saƙar suna soke a jikinsa, ga ragowar zaren a dunƙule. Ƙamshin turaren tsohuwa ya bugo ni, haɗe da ɗan warin asibiti.

"Na Mama ne," ya ce. "Shi take yi har ta kwanta. Ba wanda ya taɓa shi tun da ta rasu." Babban yatsansa yana ta shafa wani wuri kusa da alluran, bai ma san yana yi ba. "Ina so ke ki ƙarasa shi. Ki ɗora daga inda aka tsaya kawai."

Na ce, "Kai, Dogo, wannan ai ya fi ƙarfina."

"Ba wadda zan iya bai wa sai ke."

'Yan uwa, wace mace ce za a faɗa wa haka ta ƙi? Na karɓa da hannu biyu, idona cike da hawaye.

Da na shiga ɗaki na baza shi a gado, sai na raina kaina. Hannun baiwar Allahn nan ya fi nawa nesa ba kusa ba. Kowane ido na saƙar daidai da ɗan uwansa, kamar inji ne ya yi. Sai can ƙarshe, dab da alluran, aka samu wasu layuka da faɗinsu bai wuce yatsu huɗu ba, a karkace, wani ido a matse kamar an ɗaure shi da fushi, wani a sake har yatsa zai shige, ga wani wuri da ido ya zame aka kamo shi a hagunce. Na ce a raina, Allah sarki, nan ne ciwo ya ci ƙarfin hannunta. Na ɗora daga sama kamar yadda ya ce, na saƙa kamar taƙi guda.

Sai sanyi ya matso, oda ta yi min rubdugu. Na naɗe mayafin a rigar filonsa, na sa a ƙaramin akwati, na ɗora a saman sif. Umma da kanta ta ja wa kowa kunne. "Amanar mamaciya ce a ciki. Kar in ga hannun kowa a akwatin nan, har ni."

To, ga inda na kashe kaina.

Akwai wata mai gwanjo a kasuwa da ta san lagona. Ta kira ni ta ce an buɗe dila, ta samu leda guda ta ulu, irin wanda ba a samu a kanti. Na ce ba zan je ba. Na je. Ja ne mai duhu, da ruwan zuma, da wani kore da ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin in ankara ledar tana cikin jakata.

Duk mai saƙa ta san ƙa'idar ulun gwanjo. Ba a haɗa shi da sauran zare sai an ƙulle shi a leda an jefa a firiza ya kwana biyu, don sanyi ya kashe ƙwan asu, ƙwaron nan mai cin tufafi. Na san wannan kamar sunana, ni ce ma nake koya wa wasu. Amma firizar gidanmu ta Umma ce, tana buɗe ta ya fi a ƙirga a wuni. Bokitaina kuwa ta san cikinsu, don tun ranar rantsuwar take zagayen duba su. Wuri ɗaya ne tak a gidan nan da na san hannunta ba zai kai ba. Na taka kujera, na buɗe akwatin amana, na cusa ledar a gefen rigar filon. Na ce zuwa jibi zan kai gidan ƙawata in sa a tata firizar.

Jibin da bai zo ba ke nan. Oda ta sha kaina, na manta shaf.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce ina tsaka da haɗa bakin wani mayafi, saƙon Dogo ya shigo.

"Albishirinki."

"Goro," na rubuta, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sokuwa.

"Anti ta ce ranar Asabar za ta zo gaida Umma. Kuma tana so ta ga inda kika kai a mayafin Mama."

Na yi tsalle na faɗa wa Auta, na taka kujera na sauko da akwatin. Ina zuge zif ɗin wani ɗan ƙaramin abu ruwan ƙasa ya tashi fir, ya wuce ta gefen fuskata. Auta ta bi shi da tafi tana dariya.

"Gizo-gizo, har ƙwari kike kiwo?"

Ni kuwa na leƙa cikin akwatin. Wani ya sake tashi. Na ɗaga ledar gwanjon, ashe bakinta a buɗe yake, ƙasanta duk wani gari-gari kamar yashi. Na zaro mayafin ina salati, na kai bakin taga na ɗaga shi a haske.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Haske yana shigowa ta wuraren da bai kamata ba.

Huji-huji ne, wani kamar ƙwayar wake, wani ya fi haka, ga farar tsutsa ƙarama tana motsi a cikin yanarta. Abin mamaki ba su taɓa saƙata ba, ba su taɓa kyakkyawar saƙar Mama ta ƙasa ba. A karkatattun layukan nan suka taru. Asu wurin da gumin hannu ya jiƙa yake bi, kuma duk wanda ya saƙa layukan nan ya sha gumi.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Umma a kaina, Gwaggo a bayanta da kofin shayi. Auta ce ta zayyana musu komai. Na jira mari. Wallahi da ta mare ni da na fi jin daɗi. Umma ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi.

"Kin kashe ni, yarinyar nan. Amanar mamaciya?"

"Zan kira shi in faɗa masa," na ce.

"Ki faɗa masa me?" Gwaggo ta dire kofin. "Ki ce ƙazantarki ta cinye abin da uwarsa ta bari? Ana saura kwana kaɗan yayarsa ta zo? Ke dai ba ki da hankali. Ba sana'arki ba ce? Ki gyara!"

Auta ta ce, "Ni dai da ni ce, faɗa zan yi."

"Rufe min baki, da manya ake magana." Gwaggo ta juyo kaina. "Namiji ne fa. Ina ya san saƙa? Ko buhu kika miƙa masa kika ce shi ne, godiya zai yi."

Na kalli Umma ina neman ceto. Ta kawar da kai. "Ki rufa mana asiri," ta ce a hankali. "In zai gyaru, ki gyara."

Ita da kanta ta kwashe kayan firizar ta yi wa mayafin wuri. Firizar da na ji tsoro, ga ta a buɗe, lokacin da ba ta da sauran amfani. Ledar gwanjon kuwa Gwaggo ta fita da ita da sanda kamar mushe. Wunin ranar a tsakar gida na yi shi, ina zazzage bokitai a rana ɗaya bayan ɗaya, ina kakkaɓewa, ina zuba kafur. Duk abin da ya gifta ta gefen idona sai gabana ya faɗi.

Na rubuta masa, "Dogo, akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na sake rubutawa, "Don Allah in na faɗa maka wani abu ba za ka..." Na goge. Shi kuwa bawan Allah sai turo min hoton takalmin da ya saya yake yi, wai ko ya dace da zuwa gidan surukai.

Da na ciro mayafin daga firiza na zauna da shi a cinya, hanya biyu ce a gabana. Zan iya cike hujin ɗaya bayan ɗaya, amma duk mai ido zai ga tabo, ya tambayi dalili. Ko kuma in warware har ƙasan ɓarnar in sake saƙawa, ba wanda zai ga komai. Sai wata murya a raina ta ce, ai dama layukan nan ba su da kyau. Mace mai hannu irin na Mama, da tana da lafiya ita da kanta za ta warware su. Ai gata ma za ki yi mata.

Na zare alluran. Na ja zaren.

Wadda ba ta saƙa ba ba za ta san saurin warwara ba. Aikin da aka yi makonni ana yi, kafin shayi ya huce ya zama tsibin zare a ƙasa. Nawa ya tafi, sannan na shiga karkatattun. Matsattsun idanun nan har gardama suke min, sai na ɗan fizga. Na yanke inda asu ya ci, na haɗa bakin zaren yadda ba za a ga ƙulli ba. Zaren da aka warware a lanƙwashe yake fitowa, yana riƙe da siffar saƙar da aka yi da shi. Na tafasa ruwa, na riƙe shi a kan tururi har ya miƙe sumul. Ko wannan ban bari ba.

Daga nan ban san rana ba, ban san abinci ba. Na kwaikwayi hannun Mama ido da ido, har wuyan hannuna ya kumbura. Ranar Juma'a da la'asar na kai inda nake a da, na ɗan wuce. Na baza a gado. Ko ni da na yi, sai da na nema kafin in gane inda nata ya ƙare nawa ya fara. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Umma ta sauke ajiyar zuciya ta ce Allah ya yi min albarka.

Ban gama jin daɗin ba wayata ta yi ƙara, saƙon Dogo ne.

"Gobe in Anti ta gama da ke, akwai abin da zan nuna miki a jikin mayafin."

Na rubuta, "Mene ne?"

"Wani ɗan wuri ne. Na san kin gan shi, kin dai yi kara ba ki tambaya ba."

"Wane wuri, Dogo?"

Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Ina kallon wayar kamar zan shige cikinta.

"Kunya nake ji. Sai goben."

Tsoro na gaske ya kama ni. Na nuna wa Umma, ta ce ƙila ratsin shuɗin yake nufi. Na so in yarda.

Asabar da hantsi gidanmu ya ɗau ƙamshi. An canza labule, an goge tebur har yana ɗaukar ido, an kulle ƙofar ɗakina gam don kar ko zare ɗaya ya leƙo. Na sa doguwar riga ruwan madara mai ɗinkin zare a wuya, na yafa farin gyale, na ja hannun rigar ya rufe kumburin. Sau biyu ina zizara kwalli yana kaucewa. Dogo ya sauke Anti a ƙofar gida, ya ce zai leƙa kanti ya dawo.

Anti doguwa ce kamar ƙaninta, da farin gilashi da baƙar jaka, irin matan da in suka kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Amma ta gaida Umma da ladabi, ta yi dariyar barkwancin Gwaggo, ta tambaye ni sana'a. Har na fara numfashi. Sai ta ajiye kofi ta ce, "To ƙanwata, ina mayafin?"

Na kawo shi a rigar filonsa. Ta baza a cinyarta, ta cire gilashin, ta kai shi hancinta. Na ga ta ɗan yamutsa fuska, na san kafur ta ji. Sannan ta ɗora yatsunta daga ƙasa ta fara hawa a hankali, layi bayan layi. Ta wuce ratsin farko. Ta wuce na biyu. Ta kai wurin. Ta wuce, ta dawo. Ta juya mayafin ta baya, ta sake shafawa.

"Masha Allah," ta ce. "Hannu ya yi kyau."

Gwaggo ta washe baki. "Ai 'yar tamu ba daga nan ba!" Ta ƙyafta wa Umma ido, suka tashi wai za su duba abinci, don a bar mu mu saba.

Labule yana sauka Anti ta mayar da gilashinta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Akwai wasu layuka a nan. Ina suke?"

Na zame daga kujera na durƙusa. Na faɗa mata duka, gwanjon, akwatin, asun, tururin. Hawaye yana shiga bakina ina magana. Na ce, "Anti, na ɗauka ciwo ne ya karkatar da hannun Mama. Na ɗauka da tana nan za ta so a gyara."

Ta ɗora tafinta a kan mayafin.

"Hannun Mama bai taɓa karkata ba," ta ce. "Ranar da ta ga ya fara rawa, ajiye alluran ta yi. A makonta na ƙarshe ta ce wa yaron nan ya hau gadon ya zauna a gabanta. Ta ɗora hannunta a kan nasa, tana juya masa yatsu. Ƙato da shi, yana gumi yana kuka, tana masa dariya tana cewa ya sassauta, zare ba igiyar shanya ba ce. Kullum da yamma sai sun yi layi ɗaya. Layin ƙarshen ba su kai bakinsa ba." Ta shafa wurin da yake sumul yanzu. "Ta ce masa duk wadda zai aura ya ba ta ta ɗora a kai, hannu uku ke nan a mayafi ɗaya. Da asu ne kawai, ƙanwata, da mun cike hujin mun gode Allah."

Na kasa ko ɗaga kai. Maganar Gwaggo ce take ta yawo a kunnena, wai ina ya san saƙa.

A waje na ji tsayuwar mota, na ji an rufe ƙofa. Wayata da ke kan tebur ta yi haske, daga inda nake durƙushe ina iya karantawa: "Na iso. Kin shirya ganin abin kunyata?"

Anti ta naɗe mayafin a nutse, ta miƙo min shi. Ban karɓa ba, sai ta ɗora min a cinya.

"Share fuskarki," ta ce. "Ni ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ba zan bari ya nemi layukansa a gabanki yana murmushi ba. Ke za ki faɗa masa, ko ni?"

Kafin in buɗe baki ya yi sallama a ƙofar falo, da sabon takalminsa, da muryar nan tasa mai sanyi. Ya sunkuyar da kai yana dariya, ya miƙo hannu biyu.

"Kawo in nuna miki," ya ce.